Igiyar Wajen Kai: Ta'aziyyar Ƙanena Eachann na Calum Ja

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na wannan shekara, Allah ya karɓi ran ƙanena Eachann na Calum Ja a wani asibiti a birnin Aberdeen, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon hunturu. Ya rasu yana da shekara saba'in da shida. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa.

Fada, limamin cocinmu, ne ya ce in rubuta wani abu a jaridar coci, tunda ni kaɗai na rage a cikin 'ya'yan Calum Ja. Na ce masa ban san a kan wa zan yi rubutun ba. Ya dube ni da tausayi, ya ɗauka ruɗewar tsufa ce ta fara kama ni. Wataƙila ita ce. Amma tun ranar da muka binne ka, Eachann, kaina bai zauna daidai ba, kuma abu ɗaya ne ya hana shi zama: igiyar da ake riƙewa ta wajen kan mamaci idan za a saukar da shi kabari. Mutum biyu ne suke da hakki a kan taka, ɗana da 'yarka, ni aka bar wa zaɓi, na zaɓa, kuma har yau ban gane abin da ya faru ba.

Ni na fara jin labarin rasuwarka a duk faɗin tsibirinmu na Uist, amma ban san na ji ba. Washegari da rana ina feraye dankali, rediyo tana ta surutunta da Turanci, sai aka ce Farfesa Hector MacIntyre, masanin yadda ruwan teku yake gudana, ya riga mu gidan gaskiya. Na ji sarai, ko harafi ɗaya bai wuce ni ba. Na ce Allah ya jiƙan bawan nan nasa ko wane ne, na ci gaba da aikina. Sai da yamma Fada ya ƙwanƙwasa ƙofa da hularsa a hannu, ya ce, "Marsaili, Eachann ya tafi." A lokacin ne na gane kai ne Hector ɗin da aka faɗa a rediyo. Ba wai ban san sunan da ke cikin takardunka ba ne, na sani. Ban taɓa jin an kira ka da shi a gabana ba ne, don haka da na ji shi sai ya wuce ta gefen kunnena ya tafi neman mai shi a can babban yanki, ƙetaren teku.

A nan kusan rabin gidaje sunan danginsu Mac an t-Saoir ne, wanda masu rubutu da Turanci suka mayar MacIntyre. Mu mata kuma Nic an t-Saoir, sai dai hukuma ba ta damu da wannan ba, duk ta haɗa mu da mazan ta ba mu suna ɗaya. Sunan yana nan a ajiye, muna fito da shi idan za mu asibiti ko kotu, mu mayar da shi idan mun dawo. Wa zai kira mutum da sunan da rabin tsibiri za su waigo? Mutum sunansa ne da na ubansa, in bai isa ba a ƙara na kakansa, a liƙa masa Ja ko Dogo ko Baƙi. In ka tsinci yaro a hanya ba ka tambayarsa sunansa, cewa kake na wa ne kai. Baƙo kaɗai muke kira da sunan dangi, don ba mu san ubansa ba.

Ma'anar Mac an t-Saoir ita ce ɗan masassaƙi. Baba yakan ba mu labarin kakanmu na farko, wanda jirginsu ya huje a tsakiyar teku, ya cusa babban yatsansa a hujin, da ya ga aikin yana bukatar hannu biyu sai ya sare yatsan ya bar shi a wurin ya ci gaba da sassaƙa. Duk yaron da aka ba wannan labari buɗe baki yake yi. Kai kuwa ka tambayi Baba me ya hana mutumin ya yagi rigarsa ya toshe. Ka sha ranƙwashi, kuma daga ranar ne Baba ya ce wannan yaron ba zai zama masunci ba, a bar shi ya yi karatu.

Kuma gaskiyar Baba ce, don ban taɓa ganin ɗan masassaƙin da ƙusa ta raina kamarka ba. Duk bazara in ka zo hutu sai ka gyara mini ƙyauren garken tumaki. Ka auna, ka zana a takarda, ka tsaya ka dube shi ta nan ka dube shi ta can. Iskar farko ta hunturu kuma sai ta kwantar da shi, ɗana Ruairidh ya tashe shi a ɓoye. Ba wanda ya taɓa gaya maka. In ka dawo sai ka jijjiga ƙyauren ka ce, "Yaya, kin ga aikin ilimi ko?" Ni kuma in ce na gani. Yanzu ina zargin ka sani tun tuni, kana yi ne don Ruairidh ya sami abin dariya.

Mutanen gari ba su taɓa barinka ka huta ba. Cewa suke an tura ka jami'a ka karanto ciyawar tekun da muke zubawa a gonar dankali. Ba ka taɓa jin haushi ba, sai ka tuɓe takalmin birni ka bi su yankan baƙar ƙasar da muke shanyawa mu ƙona a murhu, ka dawo da hannu duk bororo, ka ci kifi mai gishiri da dankali kamar wanda aka hana abinci shekara guda. Wata shekara ka zo da hoton wata 'yar tsutsa da aka gano a can ƙarƙashin teku, ka ce abokan aikinka sun raɗa mata sunan danginmu don girmama ka. Na ce in wannan ne girmamawarsu, yaya zaginsu yake? Ka yi dariya har da hawaye, ka ce, "Ba ni kaɗai ba ne, Yaya. Yanzu rabin tsibirin nan sun yi takwara da tsutsa." Labarin ya zaga gari, har yau akwai waɗanda ba su yafe maka ba.

Alherinka ba ya ƙirguwa, kuma yawancinsa sai bayan ka tafi nake jin sa. Akwai yaran da ka sauke a gidanka a Aberdeen lokacin da suka je karatu ba su san kowa ba. Akwai tsofaffin da aka kwantar a asibitin birni, ba mai yi musu magana da yarenmu na Gelik, kai ne kake zuwa ka zauna a bakin gadonsu kuna hirar shanu da iska. Amma wanda ni ba zan manta ba shi ne na shekarar da jirgin mijina Lachlann ya nutse.

An yi ta nema ba a gan shi ba, har mazan gari suka fara cewa a haƙura, teku ta riƙe abinta. Sai ga ka ka sauka daga jirgi ba ko jakar kaya, sai taswirori a hammata. Ka shimfiɗa su a teburina, ka yi ta tambayar masunta ta ina iska ta kaɗa, yaushe ta juya. Ka nuna wata gaɓa, aka je, babu komai. Na gan ka ta taga ka zauna a bayan rumbu ka rufe fuska da hannu. Ka dawo ka sake lissafi, ka nuna wani lungu a wani tsibiri da ba wanda ya kawo a ransa. Can aka same shi. Ba domin kai ba da ba ni da kabarin da zan kai wa fure. Ranar binne shi Ruairidh bai kai shekara goma ba, hannunsa ba zai iya da nauyin akwati ba, sai ka tsaya a bayansa ka ɗora hannunka a kan nasa kuka riƙe igiyar wajen kai tare. Ban gani da idona ba, gaya mini aka yi. Tun daga ranar yaron nan bai san wani uba ba sai Kawu.

To ga inda kaina yake kullewa. Mutumin da ya yi wa 'ya'yan mutane duk wannan, me ya sa bai taɓa kawo mana tasa 'yar ba? Mun san ka auri wata Baturiyar Ingila, mun san auren bai yi ƙarko ba, mun san ta tafi kudu da jaririya. Sunan jaririyar Sarah, kuma da jin haka Inna ta yi murmushi, don Sarah shi ne sunan Inna a takarda, Morag kuma a bakin mutane. Ka yi mata takwara yadda ake yi. Hotonta ya zauna a kan murhun Inna har ta rasu, jaririya dai a cikin tsumma, ba ta taɓa girma a gidanmu ba. In na tambaye ka sai ka ce tana lafiya, ka ɗauko zancen tumaki. Mu kuma ba mutanen matsa wa mutum da tambaya ba ne. Sai yanzu na ji cewa a 'yan shekarun nan kun shirya, kuma ita ce ta yi jinyarka har ta rufe maka ido.

Ta riga akwatinka isowa da kwana ɗaya. Da ta sauka a tashar jirgi sai ta tambayi ina ne gidan MacIntyre. Mutanen tasha suka nuna mata hanya da zuciya ɗaya, don mutum ɗaya ne tak ake kira haka a ɓangarenmu, likitan dabbobi, wanda ya zo daga babban yanki. Shi yana can wajen wata saniya mai naƙuda, matarsa ta ba ta shayi, ta yi ta tambayarta me ke damun karen nata. Sai da baƙuwar ta fashe da kuka aka gane ba zancen kare ba ne. Aka buga wa mai kanti waya, mai kanti ta ce wane MacIntyre ɗin, na wa ne shi? Aka ce farfesa. Ta ce, "To ai da ta ce Eachann na Calum Ja, da tuni tana gidan gwaggonta." Motar kai wasiƙu ce ta kawo mini ita da la'asar, a gajiye, ga kunya ta rufe ta.

Da na buɗe ƙofa sai na ga Inna tana da shekara arba'in. Goshin nan, da yadda take riƙe jaka a ƙirji da hannu biyu. Ba ta jin Gelik ko kalma ɗaya, ni kuma Turancina na asibiti ne da kanti, amma mun fahimci juna. Na koya mata ta ce mini Gwaggo. Bayan ta ci abinci sai ta ce kana kwance ka ba ta labarin igiyoyin nan takwas da ake ɗaura wa akwati, yadda ake kiran makusanta ɗaya bayan ɗaya kowa ya karɓi tasa, a saukar da mamaci a hankali, sannan a saki igiyoyin su bi shi. Ta ce, "Gwaggo, na san ban cancanci komai a nan ba. Amma in da hali, ko ta ƙarshe ce a ba ni." Na ce zan duba.

Ba ta ƙarshe ce ta dame ni ba. Ta wajen kai ce, wadda ake fara kira, ta wanda ya fi kowa kusa da mamaci. Duk garin ya riga ya san ta Ruairidh ce, shi ma ya sani. Da na taɓa masa zancen da safe a garke, sai ya ajiye bokitin hannunsa.

"Inna, ba ƙinta nake yi ba. Amma wa yake ɗauko shi daga tasha duk bazara? Wa ya tashi a hannunsa? Jiya jiya ko gidanmu ba ta sani ba, gidan likitan shanu ta sauka."

Na ce 'yarsa ce.

"A takarda."

Na ce ita ta yi jinyarsa.

"Da an gaya mini yana kwance haka da ban je ba? Ce mini ya yi mura ce." Ya juya mini baya. Can ya ce, "Ke ce babba. Abin da kika ce shi za a yi." Ya ɗauki bokitinsa ya wuce.

Ka ga inda ka bar ni, Eachann. In na ba ɗana, na tabbatar wa 'yarka cewa ita baƙuwa ce a bakin kabarin ubanta. In na ba ta, na ƙwace wa marayan da ka raina abu ɗaya da zai iya rama maka da shi. Na yi addu'a, na tambayi Fada, ya ce wannan ba hurumin coci ba ne, al'adarmu ce, mu muka san kanta. Aka kawo ka, aka kwana da kai a coci, aka yi sujada, har aka fara shirin fita da akwati ban yanke komai ba.

A bakin ƙofar coci ne na gan ta ta tsaya ta wajen kanka, ta ɗora tafin hannunta a kan katakon tana gyara furen da iska ta karkatar, irin gyaran da ake yi wa matashin majinyaci. Hannun nan ya saba. Ban san lokacin da na jawo hannun rigar Seumas Dogo ba, dattijon da yake kiran igiyoyi a garinmu tun ina da ƙuruciya. Na ce ta wajen kai ta yarinyar ce, Ruairidh ya bi bayanta.

Ya dube ni, ya ce, "Kin tabbata, Marsaili?"

Na ce ban tabbata ba, amma haka za a yi.

"To da wane suna zan kira ta? In tsaya a kan kabarin ubanta in ce MacIntyre, kamar mai karɓar haraji ce ta zo?"

Na ce Allah ya kiyaye. Ka kira ta da sunanta, Morag ta Eachann na Calum Ja. Ya maimaita a hankali, ya gyaɗa kai, ya ce sunan ya zauna. Ni ma na ji ya zauna. Raina ya yi fari, don a ganina babu wata kyauta da ta fi wannan a duk abin da muka mallaka. Na laluɓi Ruairidh na gaya masa, ya ce to. Ita kuma cikin turmutsutsun fita na samu na matse hannunta na ce ta kasa kunne, za a kira ta.

Ban bi ku makabarta ba. 'Yan matan yanzu suna zuwa, amma mu na da ba ma zuwa ranar binnewa, ko na Lachlann ban je ba. Na koma gida na dafa shayi na yanka burodi da cuku. Don haka abin da ya faru a can daga bakin mutane na tattara shi, kuma kowa da irin nasa.

Matan da suka fara dawowa yabo suka shigo da shi. Suka ce wannan 'yar ta Eachann ta sami tarbiyya, ko a nan aka haife ta sai haka. Na ce me ta yi? Suka ce Seumas ya kira ta da babbar murya, ta sunkuyar da kai ba ta motsa ba. Ya sake kira, shiru. A wurinmu in an kira mutum sau biyu bai fito ba, igiyar ta wuce ga na bayansa, kuma ba mai taɓa shi ko ya zuba masa ido, don ba a san abin da ke ransa ba. Kowa ya kawar da kai ya dubi teku. Suka ce ai a fili yake, ta san girman Ruairidh ne ta bar masa.

Sai ga Ruairidh ya shigo idonsa jawur. Ya rungume ni, abin da rabonsa da yi tun yana yaro. Ya ce, "Inna, na zalunce ta a raina. Ta fi ni." Ya ce da ya miƙa mata hannu a bakin makabarta yana godiya, ta karɓa ta ce ba komai. Ni kuma na rasa gane kan abin. Matar da ta roƙi ko da ta ƙarshe, a ba ta ta farko ta ƙi? Na ce wataƙila halin mutanen kudu ne, na ci gaba da zuba wa baƙi shayi.

Da jama'a suka ragu na same ta a kicin ta naɗe hannun riga tana wanke kofuna. Na tsaya kusa da ita ina gogewa. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kada ki damu, Gwaggo. Na san kin yi ƙoƙari. Na saurara har aka gama takwas ɗin. Na gane, ba su san ni ba."

Na ce wa ya ce ba a kira ki ba?

Ta ce ba ta ji Sarah ba, ba ta ji MacIntyre ba.

Na yi tunanin in yi shiru, don in na faɗa zan sa mata ciwon da ya fi wanda take ciki, in kuma karɓe wa ɗana kyautar da yake jin an yi masa. Amma in na yi shiru za ta hau jirgi da tabbacin cewa dangin ubanta sun tsallake ta a gaban jama'a. Sai na faɗa mata sunan, a hankali, yadda Seumas ya faɗe shi. Na ce Morag ke ce, Eachann babanki, Calum Ja kakanki.

Ta tsayar da wankin. Ta ce, "Na farkon nan? Wanda aka faɗa sau biyu?"

Na ce shi.

Sannan ta ce, "Na ji shi. Da aka yi shiru sai na ce a raina, wata baiwar Allah ce baƙin ciki ya hana ta fitowa. Na sunkuyar da kai ina yi mata addu'a."

Ruairidh yana bakin ƙofa da faranti a hannu, ya ji komai. Ya ajiye farantin ya fita, na jiyo ƙarar ƙyauren garke. Washegari shi ya kai ta makabarta, suka daɗe a can su biyu, ban tambaye su abin da suka ce ba. Abin da na sani shi ne babu gyara. Igiyar tana ƙarƙashin ƙasa tare da kai, kuma ba a binne mutum sau biyu.

Tun ranar nake juya abin, ban sami inda zan ajiye laifin ba. Seumas ya yi abin da aka sa shi, da sunan da ya fi kowane daraja. Jama'a sun kawar da kai ne don kunya da girmamawa. Ni ban kawo a raina cewa akwai mutumin da za a kira da sunan ubansa da na kakansa ya kasa sanin shi ake nufi ba. Ita kuma a ina za ta sani? Sai in juyo kanka, Eachann, ko da yake ba kyau a yi wa mamaci faɗa a jarida. Ka ba ta labarin igiyoyi, ka ba ta labarin masassaƙi da yatsansa, ta ce har labarin ƙyauren garke ka ba ta. Me ya hana ka gaya mata sunanta? Ka manta ne, ko ka ji nauyi, ko kai ma ka ɗauka abu ne da kowa ya sani? Ka iya lissafin inda teku za ta kai mutum, amma wannan ya wuce ka. Ina fushi da kai, ina kuma kewarka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Abokan aikinka sun aiko da saƙonni masu kyau. Sun ce ka buɗe wa duniya ido a kan abubuwan da ban gane ba, sun ce za a daɗe ana ambaton MacIntyre a cikin littattafai. Na gode musu, kuma na yarda da su. Ni dai wanda na sani ƙanena ne da na goya, mai yawan tambaya, mai saurin kuka, wanda bai iya buga ƙusa ba, wanda ya nemo mini mijina.

Allah ya jiƙanka da rahamarsa, Eachann. Ya gafarta maka abin da ka yi da abin da ka bari ba ka faɗa ba. Ya haskaka makwancinka, ya sada ka da Baba da Inna da Lachlann cikin salama. Mu da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Ina miƙa ta'aziyya ga ɗalibanka da abokan aikinka, da dukan dangi na nan da na ƙetare. Ina miƙa ta ga ɗana Ruairidh na Lachlann, wanda ya rasa uba karo na biyu, wanda kuma yake ta cewa igiyar da ya riƙe ba tasa ba ce. Allah ya sanyaya masa. A ƙarshe, ko da yake ita ce ta farko, ina miƙa ta ga 'yarka ɗaya tilo, Morag ta Eachann na Calum Ja, wadda a can inda take zaune ake kira Sarah MacIntyre. Na rubuta duka biyun, 'yata, don wannan karon ki san da ke nake. Allah ya ba ki haƙuri. Amin.

Marsaili ta Calum Ja
Uist ta Kudu